Ina Ne Garinku, Tayyiba?

Opanin Kwarteng, sakataren kwamitin gyaran Kanti Mai Lif, ya ɗora bironsa a kan kalmar Kumasi ya ja mata layi. Sannan ya tura wa Tayyiba fom ɗinta da yatsa biyu.

"Maame, wannan layin ba inda kuke zaune yake tambaya ba. Garinku ake so."

"Kumasi ne garinmu."

"A'a, garinku na ainihi."

Tayyiba ta dubi tsohon. Shekara ashirin yana cin shinkafa da wakenta, ta san ba ya son taliya a kai, ta san likita ya hana shi yaji amma sai ya ce a ɗan ɗiga. Yau ga shi ya sa tabarau yana tambayarta daga ina ta fito, da Hausarsa ta kasuwa, wadda a bakin teburinta ya ƙarasa koyonta.

"Opanin, a Zongo aka haife ni. A Zongo aka haifi ubana."

"Na sani, Maame. Amma Zongo masauki ne." Ya nuna mata tarin takardu uku a gabansa. "Wannan na 'yan Asante. Wannan na sauran 'yan Ghana. Wannan na baƙi. Sai na san garinku zan san inda zan ajiye ku. Ƙarfe huɗu muke rufewa."

Ta ɗauki fom ɗinta ta fito.

Kanti Mai Lif bene ne hawa uku a tsakiyar Adum, unguwar kantunan Kumasi. Wani kamfanin Turawa ne ya gina shi a filin da ya yi haya na shekara casa'in da tara, ya sayar da atamfa da rediyo da takalma har ya gaji ya watse, ginin ya zama ɗakin kwanan jemagu. Bara wa'adin ya cika, fili ya koma hannun basaraken da ke da shi. Basaraken, wanda ake kira Nana, da dattawansa suka ce babu wani kamfanin waje da zai sake sa ƙafa, 'yan ƙasa ne za su gyara kayansu da kansu: hawan ƙasa na masu abinci, na tsakiya na teloli da masaƙa, na sama ɗakin tarihi. Ranar da aka sanar, Tayyiba ta rangaɗa guɗa a tsakiyar titi, ta rabar da tukunya biyu kyauta. Ita a tunaninta da ita ake.

To, rumfunan abinci ashirin ne kacal, masu nema sun haura sittin, kuma daga tarin farko za a fara rabo. Gobe da safe za a zagaye barandar ginin da kwanon rufi, a fara aiki. Duk wadda ba ta sami rumfa ba, ita da wurin har abada. A barandar nan teburin Tayyiba yake shekara talatin da ɗaya, kafin ita kuma uwarta Azumi ce a wurin.

A kan matakala ta ci karo da Alhaji Zulkiflu, wakilin Zongo a kwamitin, yana saukowa da waya a kunne da babbar riga mai sitaci. Lungu ɗaya suka tashi. Ta san shi tun yana yawo da wando mai faci, don haka ba ta jira ya gama wayar ba, ta miƙa masa takardar a hanci.

Ya karanta, ya yi 'yar dariya. "Haba Hajiya, wannan ne ya ɓata miki rai? Rubuta Bawku. Ko Salaga. Wa zai bincika?"

"Ban taɓa zuwa Bawku ba."

"Ni da na rubuta Yendi, sau ɗaya na taɓa zuwa, ɗaurin aure, ko kwana ban yi ba. Ki shiga tari na biyu kawai. Da ƙyar na ƙwato mana rumfa biyar a ciki, zan ga yadda za a yi." Ya sassauta murya. "Amma don Allah kada ki kuskura ki rubuta Tawa, garin kakanki. Kina rubuta garin Nijar, shi ke nan, ko ni ba ni da ta cewa."

"Wato in sake wa ubana gari."

"Takarda ce fa, Hajiya."

"Alhaji, kai suka sa ka wakilce mu. Da suka kasa mu uku kamar tumatir, kana zaune?"

"Ina zaune, kuma da ban zauna ba ko biyar ɗin ba mu samu." Ya mayar da wayarsa kunne. "Ki rubuta Bawku."

Gaskiyarsa ce ta fi ba ta haushi. Ta koma teburinta ta ɗaure zane, ta shiga zuba wa mutanen azahar abinci a ganye, hannu na aiki, zuciya na tafasa. Ai ko a yi maganar ginin nan, wa ya kai gidansu? Kakanta Boukari ya zo daga Tawa yana saurayi, a ƙafa, da kansa ya ɗauki bulon da aka yi hawa ukun nan, har ya mutu tsakiyar kansa ba gashi. Ubanta Sanni ya yi gadin ƙofar shekara talatin da huɗu, yana sara wa matan Turawa, bai taɓa hawa lif ɗin da yake gadi ba. Shekarar da aka kori baƙi, shi Sanni da aka yanke wa cibiya a Kumasi sai da ya yi mako uku a ɓoye cikin sito, bayan dilolin atamfa, Azumi na zura masa tuwo ta taga. Wancan karon sun ce gwamnati ce. Yau kuma su wa za a ce?

Abin dariya, ko abincin da take sayarwa ya riga ta samun takarda. Shinkafa da wake ce tsofaffinsu suka zo da ita, mutanen gari suka gutsure sunan suka koma kiranta "wace", yanzu har a talabijin ana kiranta abincin Ghana. Abinci ya zama ɗan ƙasa, mai dafa shi ce baƙuwa. Ga maƙwabciyarta mai soya kifi, mutuniyar kirki, wadda ta zo daga ƙauyensu shekara huɗu da suka wuce, har yanzu sai ta tambayi hanyar Asokore Mampong da ke nan gefen Kumasi. Takardarta na tarin farko tun da safe.

Sau biyu Tayyiba ta ciro biro daga jaka. Bawku harafi biyar ne, ba wuya. Ta tuna jikoki uku da ke ci daga teburin nan, ta tuna gwiwarta da ba za ta iya yawon talla ba. Har ta ɗora bakin biron a takarda, sai ta ji kamar Sanni na tsaye a ƙofar can da kakinsa yana kallonta, kunya ta kama ta. Ta mayar da biron.

Da ta idar da la'asar a bayan teburin, ta rufe tukunya ta hau matakala. Saura kwata huɗu. Opanin Kwarteng shi kaɗai ya rage a ofis, yana ɗaure tarin farko da roba.

"Maame, kun cike?"

"Ban cike ba. Na zo ka fahimtar da ni ne, tunda kai tsohon malamin makaranta ne. Mene ne garin mutum?"

Tsohon ya ji daɗin tambayar. Ya cire tabarau, ya gyara zama.

"Abu mai sauƙi. Ni nan shekara hamsin ina Kumasi, na gina gida a Atonsu. Amma ranar da na mutu, ba za a bar ni a nan ba. Za a sa ni a mota a kai ni ƙauyenmu, in kwanta kusa da uwata da kawunnaina. To, nan ne garina. Inda za a kai ku in kun mutu, inda naku suke kwance, shi ne garinku."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To, rubuta Tafo."

Ya ɗaga kai. Tafo gari ne na Asante mai basarakensa, ga shi nan a hancin Kumasi, kuɗin mota kaɗan.

"Tafo? Ashe ku 'yan Tafo ne, shi ne tun safe kuke wahalar da ni?" Ya jawo fom ɗin da murna. "Wane gida? Na san mutane a can."

"In ka shiga ta babbar ƙofa, ka bi hannun dama, ɓangaren Musulmi. Kakana Boukari na can ciki wajen tsohuwar katanga. Ubana Sanni da uwata Azumi suna kusa da hanya. Mijina na gaba kaɗan. Da ɗana na fari, bai kai shekara biyu ba, shi ban san daidai wurin ba, mata ba sa rakiya." Muryarta ta fi ta ɗazu kwanciya. "Ni ma can za a kai ni, kuma ba sai an yi hayar babbar mota ba."

Biron ya tsaya a sama. Opanin Kwarteng ya san maƙabartar Tafo, duk Kumasi ba wanda bai san ta ba. Ya dubi layin da ya ja da safe, ya dubi tarin takardunsa uku. Daga ƙasa ana jin ma'aikata na sauke kwanon gobe daga mota.

Ya rubuta Tafo da manyan baƙaƙe, ya buga hatimi. Ya zare robar da ya ɗaure tarin farko da ita, ya sa takardar a ciki, ba a sama ba, a tsakiya.

"Maame," ya ce, bai ɗago ba, "kwamiti kan aika mutum ya je ya tabbatar da gida."

Tayyiba ta gyara mayafinta.

"Ya je duk ranar da ya ga dama. Mutanen gidanmu ba sa fita."