Ƙoƙon Kaltume a Kan Sikeli

Kuna wurin ranar Lahadi, kada wanda ya ce bai gani ba. Kuna kallo Attahiru sarkin kasuwa ya sa ƙafa ya ture faifan Kaltume mai cuku a tsakiyar kasuwar Illela, kowa ya sunkuyar da kai yana gyara hajarsa.

"Mi na yi, ranka ya daɗe?" in ji Kaltume, tana tsintar cukunta cikin ƙasa.

"Tauye mudu!" in ji Attahiru. "Har Bature kika iya cuta?"

Ga yadda abin ya faro. Baturen da ya zo rangadi ya sauka a bariki, kuma littafin girkinsa da nauyi yake magana, bai san ƙoƙo ba. Laba guda ta cuku yake so. Ran farko mai dafa masa abinci, Maccido, ya ɗora ƙoƙon Kaltume a kan sikeli, cike da ɗanyen cuku mai ɗigar ruwa. Ya yi laba cif. Daga nan Maccido ya rataye sikeli, ya ce ai ƙoƙo shi ne laba. Da ɗanyen ya ƙare, Kaltume ta cika masa ƙoƙon da busasshe, wanda ya fi cin madara, wanda matan Tozai ke ajiye wa babban baƙo. Bature ya auna da kansa, ya ga rabin laba, ya kai ƙara wurin sarkin kasuwa.

Yanzu ga sikelin an kawo shi kasuwa, ga Maccido a tsaye yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Maccido, ɗan'uwa, kai ka sani," in ji ta. "Wanga ƙoƙo ne munka yi da kai. Faɗa musu."

Ya sani mana! Amma in ya buɗe baki, ya tona cewa ya daina awo, aikinsa ya tafi. Ya kau da kai.

Kaltume ta miƙe. Ta cika ƙoƙon da busasshen cuku, ta ɗora, sikeli ya tsaya a rabi. Ta fizge butar wani mai goro, ta riƙa tsiyaya ruwa a ciki har sikelin ya daidaita.

"Ga ta nan, laba guda. Abin da rana ta sha na maido. Ashe ruwa Bature ka so, da kun faɗi, rijiya na nan kusa."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Ku ne kuka yi ta, har da riƙe ciki. Attahiru ya ga an yi masa tsirara a gaban jama'a, ya ce daga yau kada ƙafarta ta sake taka kasuwar nan. Dariyar ta ɗauke. Mahauta, masu gishiri, fataken Ƙonni, duk kun san ɗanye ya fi busasshe nauyi, a gidajenku ake shanya shi. Ko mutum ɗaya bai yi tari ba.

Ta ɗauki faifanta ta tafi. Marayu uku take ci da su da wannan cukun.

Na rubuta wa alƙali takarda, ya ce takarda ba ta rantsuwa, a kawo shaidu biyu. Biyu rak! Ran Lahadi mai zuwa bayan azahar Kaltume za ta zauna a ƙofarsa da ƙoƙonta. Kai da ka yi dariya, tashi ka je ka faɗi abin da ka sani.