Dikko da Jan Kwaɗon Baba Jasim

Ranar da Baba Jasim ya ce zai sake mota, Dikko ko a jikinsa, domin mutumin nan ya fi saurin sake mota a kan sake takalmi. Maganar da ta biyo baya ce matsalar.

Dikko dai mutumin Funtuwa ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, wanda ya sha jan babbar mota a hanyar Legas kafin rabo ya kawo shi Doha. Baba Jasim shi ne kafil ɗinsa, wato wanda ya tsaya masa ya shigo ƙasar, kuma shi yake tuƙawa. Dattijo ne da Allah ya ba dukiya, ya ba tumbi, ya kuma haɗa masa da gwiwoyin da suka riga shi tsufa. Gidansa na unguwar Al Rayyan. Kullum Dikko na gaba, Baba na baya yana ta waya, zamansu lafiya lau.

Abu ɗaya ne yake haɗa su faɗa, shi ne gaisuwa. Dikko an haife shi a gidan da ba a gaida babba a tsaye. Da safe sai ya durƙusa, ya kama hannun Baba da hannu biyu. Baba kuwa ya tsani abin nan. “Tashi, ya Dikko! Tashi! Mu nan ba ma haka. Maƙwabta za su ce na mayar da kai bawa.” Dikko ya ce to. Washegari ya sake. Ba taurin kai ba ne, gwiwarsa ce ke lanƙwashewa da kanta in ta ga furfura.

To a ranar nan suna tsaye a cunkoso, Baba ya ajiye waya ya ce, “Ya Dikko, na gaji da zaman baya kamar buhun shinkafa. Ƙanena Fahad ya sayi motar gudu, shi ke jan abarsa a Corniche, titin nan na bakin teku, ana kallonsa. Fahad fa! Yaron da na goya! Ni ma irinta zan saya, mai kujera biyu, kuma ni zan ja.”

“To ni fa, Baba?”

“Kai? Gonar raƙumana da ke arewa na neman mai jan tankar ruwa. Ga iska mai kyau. Khalas, magana ta ƙare.”

Dikko ya san gonar nan. Ya taɓa kai abinci can. Yashi gabas, yashi yamma, waya ba ta kamawa sai ka hau kan tanki, babu Bahaushe ko na rantsuwa. Ya ce, “To, Baba.” Amma har suka isa gida bai ƙara jin sanyin na'urar motar ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya nufi unguwar Fereej Abdel Aziz, ya shiga wani ɗan gidan abinci da 'yan gida ke taruwa, inda ake samun tuwo da miyar kuka in an zo da wuri. Wannan zaman na Juma'a shi ne Funtuwarsa a Doha, kuma shi ne abin da gonar raƙuma za ta fara cinyewa. Ya tarar da Zulkiflu, siririn saurayin nan ɗan Gusau mai gadin wani kanti, da kuma Sista Patience, nas 'yar Kafanchan, wadda ba ta fashin zuwa in ba ta da aiki. Ya zayyana musu komai.

Zulkiflu ya yi dariya har ya ƙware. “Yaya Dikko, ka gaida mana raƙuma. Ka samu ɗaya ka koya masa Hausa, ku riƙa hira.”

“Allah ya shirye ka.”

“A'a, tsaya in taimake ka. Akwai motar gudu mai ƙofa huɗu, ina ganin su a ƙofar kantinmu. In ka sa ya sayi mai kujerar baya, sati ɗaya zai gaji ya koma inda ya saba.”

Sista Patience ta tsame hannu daga miya. “Malam Dikko, wannan Baban naka ba shi ne ka taɓa kawowa asibitinmu da ciwon gwiwa ba?”

“Shi ne, Sista.”

“Shi ne zai sayi motar da cikinta ke shafar ƙasa?” Ta girgiza kai, ta koma kan tuwonta tana murmushi. “To, ka dai riƙe lambata.”

Da aka shiga sabon mako suka fara zagayen gidajen sayar da motoci. Wurin farko aka nuna musu ta Jamus, ruwan toka, mai ƙofa huɗu. Dikko ya ga ceto ya zo, sai ya saki baki. Ya yabi fitilarta, ya yabi tayarta, ya buɗe ƙofar baya ya shafa kujera kamar mai shafa kan maraya. “Baba, dubi nan! Mutum ya miƙe ƙafa, ya yi wayarsa, ya yi gyangyaɗi.” Kash, yabon ya yi yawa. Baba ya dube shi ta saman tabarau. “Wannan ta mai kai yara makaranta ce. Yalla, mu tafi.”

Wuri na biyu wata rawaya ce ta Italiya, wadda ƙofofinta ke ɗagawa sama. Mutanenmu kuwa ba sa ganin mota su bar ta ba suna, nan take Dikko ya raɗa mata Kyankyaso a zuciyarsa. Tunda yabo bai yi ba, sai ya koma kushe. Ya ce wa mai sayarwa ya buɗe but, ya ga wurin zuba kaya. Mutumin ya zaga gaba ya ɗaga murfi, sai ga wani ɗan rami da ko tukunyar gidan marowaci ta fi shi.

“Ina injin?”

“Yana baya.”

“Injin a baya, but a gaba? To in Sallah ta zo ina za a sa rago?”

Mai sayarwa ya dubi Baba, Baba ya dubi rufi. Amma Dikko ya yi sa'a, Baba ya ce kalar ta yi kama da ta Fahad, ba ya so a ce ya kwaikwayi ƙanensa.

Wuri na uku ne aka gamu da ita. Ja ce wur, a tsugune tsakiyar ɗaki, idanunta a waje, bakinta a wage, tsayinta bai kai ƙugun Dikko ba. Jan Kwaɗo, in ji zuciyarsa. Baba ya tsaya cak, carbinsa ya daina motsi. Mai sayarwa, wani ɗan gaye da ƙamshin turarensa ke riga shi isowa, ya buɗe ƙofa.

Baba ya tattare farar rigarsa, ya juya baya, ya lanƙwasa iya lanƙwasawarsa, sauran kuma ya bar wa Allah. Tim! Motar ta ɗan girgiza. Aka cusa ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Mai sayarwa ya nuna masa wani maɓalli, ya danna, motar ta yi wani gurnani da ya sa gilasan ɗakin rawa. Fuskar Baba ta koma ta ɗan shekara ashirin.

“Baba, ta yi ƙasa,” in ji Dikko. “Tudun rage gudun da ke layinmu ma zai...”

“Shiru, ya Dikko.”

Ana haka sai ga Fahad ya shigo da abokansa biyu. Wani ne ya tsegunta masa yayansa na nan. Ya zo yana dariya tun daga ƙofa, abokan kuma har sun ciro wayoyi suna ɗauka. “Masha Allah, babban yaya! Fito mana mu gaisa, mu ga yadda samari ke fita.”

Baba ya kashe mota. Ya fitar da ƙafa ɗaya. Ya dafa sitiyari, ya yunƙura. Babu abin da ya tashi sai girarsa. Ya mayar da ƙafar ciki, ya yi kamar yana duba madubi. Ya sake kunna motar ya ba ta wuta, wai yana sauraren inji. Ya kashe. Ya sake yunƙurawa a ɓoye, gwiwar ta yi ƙara ƙas, gumi ya tsattsafo ƙarƙashin ƙyallen kansa duk da sanyin ɗakin.

Ba wanda ya gane tukuna sai Dikko, wanda ya san kowane nishi na mutumin nan. Kuma nan take Shaiɗan ya matso kusa da kunnensa. Ka yi shiru kawai, Dikko. Ka tsaya inda kake. Yanzu za a kira ma'aikata su zaro shi kamar ɓargo daga ƙashi, a gaban Fahad, a gaban wayoyi. Daga yau ko hoton motar gudu ba zai ƙara kallo ba. Kujerarka ta tsira, tuwon Juma'a ya tsira.

Wallahi shawarar ta yi masa daɗi. Har ya soma nazarin silin.

Sai Baba ya ɗago ido ya dube shi. Kallo ne irin na dattijon da rigarsa ke shirin yagewa a kasuwa. Gwiwar Dikko kuwa, kun san halinta. Kafin ya gama shawara da kansa ta riga ta kai ƙasa.

Ya durƙusa a bakin ƙofar motar, faɗin bayansa ya tare wayoyin nan kaf. Ya kama hannun Baba da hannu biyu, na dama a tafi, na hagu ya zarce har gwiwar hannu. Ya ɗaga murya da Hausa tsantsa: “Allah ya sanya alheri, Baba! Allah ya tsare hanya! Allah ya sa a kashe lafiya! Allah ya kau da idon maƙiya!” A kan “maƙiya” ya miƙe tsaye da ƙarfin mutumin da ya sha ɗaga tayar tirela, Baba ya taso tare da shi sumul, kamar an zare takobi daga kube. Sai ga shi tsaye, riga ta sauka, carbi na juyawa.

Fahad ya saki baki. “Wannan fa?”

Baba ya gyara ƙyallen kansa, ya yi gyaran murya. “Al'adarsu ce. Haka suke gaida manya a ƙasarsu. Mutane ne masu tarbiyya.” Ya juya wurin mai sayarwa. “Na saya.”

A hanyar gida Dikko na tuƙi yana zagin gwiwarsa a zuci. Da hannunsa ya sayo wa kansa gonar raƙuma. Har ya fara tunanin wanda zai bar wa bargonsa. Baba na baya, ba waya, ba carbi. Sai da suka shiga Al Rayyan ya yi magana.

“Ya Dikko.”

“Na'am, Baba.”

“Gonar nan... na tuna iskarta ba ta da kyau. Ƙura. Za ta taɓa maka ƙirji.”

“Haka ne, Baba.”

“Za ka riƙa bina a baya da wannan motar. Duk inda na tsaya, ka zo ka gaishe ni.”

“Ko sau nawa a rana, Baba?”

“Gaisuwa tana yawa ne?”

Haka kuwa aka yi. Da yamma in rana ta yi sanyi, za ka ga Jan Kwaɗo ya taho Corniche yana gurnani, ya tsaya daidai inda jiragen ruwa na katako ke ɗaure. Mai shi ba ya fita. Sai ya kara waya a kunne, ya yi ta magana mai muhimmanci da ba kowa, har farar motar da Dikko ke ja ta ƙaraso ta tsaya a baya. Sannan dogon mutum ya sauko, ya durƙusa, a yi addu'a, a miƙe tare. Masu yawo a bakin ruwa har tsayawa suke suna cewa masha Allah. Wata rana cunkoso ya riƙe Dikko, da ya iso ya tarar Baba ya gama waya ya koma karatun takardar inshora. “Ina ka tsaya? Mutum ya zauna ba wanda ya gaishe shi!”

Juma'ar da ta biyo Dikko ya ci tuwonsa har da ƙari. Sista Patience ta ji labari ta yi dariya har da hawaye, sannan ta koya masa ya riƙa ɗagawa da cinya, kada ya kashe bayansa. Zulkiflu na cikin tsokanarsa da “Sarkin Gaisuwa” wayar Dikko ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ya ɗauka, ya saurara, ya ce to, ya ce insha Allah, ya ajiye.

“Wane ne?” in ji Zulkiflu.

“Fahad ne, ƙanen Baba. Wai ko ina da ɗan'uwa mai tarbiyya. Ashe shi ma sai ya shiga gareji an rufe ƙofa yake rarrafowa.”

Zulkiflu ya ajiye cokali, ya gyara zama. “Yaya Dikko, ai ka san ni da ladabi.”

Dikko ya dubi siraran hannuwan nan nasa, ya dubi Sista, ya tura masa sauran tuwon gabansa.

“Ci tukuna,” ya ce. “Fahad ya fi Baba nauyi.”