Sunan Da Hajiya Gimbiya Ba Ta Faɗa

Shafi'u ya gaji da salula. Tun da ya saye ta ba ta taɓa kawo masa labari mai daɗi ba. Yana layin lodi a Kwatano, ko ya tsaya shan shayi a Gaya, sai ta yi ƙara: jikin Hajiya mahaifiyarsa ya tashi, ƙafa ta kumbura, jiri ya kayar da ita a tsakar gida. Sai ya bar kamyo, babbar motar kayan da yake tuƙawa, a hannun abokin tuƙi, ya kamo hanyar garinsu Tajaye, ya kai ta asibiti, ya koma ya tarar an ba wani lodinsa. Ƙannensa na nan birjik, amma in ciwo ya zo kowa sai ya tuna cewa Shafi'u ne babba.

Shi ya sa da ya ji wani kamfanin inshorar lafiya na Yamai ya buɗe buro, wato ofis, a Birnin Konni, bai tsaya shawara da kowa ba. Mai buron, Alkasum, wani ɗan Illela mai yawan murmushi, ya zayyana masa tsari uku na tsofaffi. Na farko gado kawai yake biya. Na biyu magani ne ban da gado. Na uku ya haɗa komai: ganin likita, awo, magani, gado, har da motar da za ta ɗauko marar lafiya daga ƙauye. Tsadarsa ta sa Shafi'u ya cire hula ya sosa kai, amma motar nan ta tafi da hankalinsa. Ya zaɓi na uku.

Sai Alkasum ya kawo sharaɗin. Uwar da ta haifi mutum kawai kamfanin ke ɗauka. Kuma tun da jama'a suka fara shigar da goggonni da maƙwabta a matsayin iyaye, aka ce duk tsohuwar da ba ta da takarda sai ta zo da ƙafarta gaban wakiliyar kamfani, ta faɗi sunan ɗan, ta ce ita ta haife shi.

Matsalar ita ce Shafi'u ɗan fari ne. Hajiya Gimbiya tana yaye shi ta miƙa wa yayarta Asabe, kuma daga ranar har ya yi furfura ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "mai mota". In ya gaishe ta, bango take amsa wa. Mutuwar Asabe ma ba ta canza komai ba. Alkasum ya san duk wannan, tasa uwar haka take da wansa, amma ya ɗaga kafaɗa ya ce doka daga Yamai ta zo.

Ranar da wakiliyar ta iso, Shafi'u ya ari mota ya ɗauko Hajiya tare da ƙanwarsa Basira. Wakiliyar mace ce mai tabarau, ta gaida tsohuwa da ladabi, sannan ta nuna Shafi'u ta tambaye ta ko wane ne wannan a wurinta.

"Ɗan Asabe na," in ji Hajiya.

Aka sake tambaya ta wata hanya, ta sake ba da amsar nan. Basira ta rantse, Alkasum ya yi bayani da faransanci har ya yi gumi. Wakiliyar ta ce ta fahimta ƙwarai, amma daga bakin tsohuwa aka ce ta ji. Ta fara tattara kayanta.

Shafi'u ya durƙusa gaban kujerar uwarsa. Bai yi niyyar faɗin abin da ya faɗa ba, fitowa ya yi.

"Hajiya, don Allah. Na gaji. Ba ni iya hanyag ga kuma."

Hajiya ta daɗe tana kallon kumburarriyar ƙafarta. Can ta ja mayafi ta rufe fuska duka, ta yi magana daga ciki.

"Shafi'u sunanai. Ni na haihe shi."

Ya sha zaton ranar da zai ji sunansa a bakinta zai yi murna. Kunya ce ta kama shi, kamar ya tuɓe mata zane a tsakiyar kasuwa. Ya kasa ɗaga kai.

Alkasum kuwa murmushinsa ya dawo. Ya miƙa kati, ya ce shi ke nan wahala ta ƙare. Daga yau duk sanda Hajiya ta je asibiti, ko motar ta zo ɗaukarta, abu ɗaya za a tambaye ta: sunan ɗan da ya yi mata inshora. Tana faɗa, aiki ya tafi.

Suka kama hanyar gida. Sai da suka kusa Tsarnawa Hajiya ta yi magana, fuskarta na wajen taga.

"Basira, hwaɗa ma wanki shi maida musu abinsu. Gwamma ƙahwag ga ta ruɓe."

Shafi'u ya sauka daga kwalta ya kashe mota. Ya kifa goshi a kan sitiyari, kuma ba wadda ta ce masa ya tashi su tafi.