Koci Na Saman Bene

"A hankali! Ku tallafe masa kai!" mai ɗinki ta daka musu tsawa, tana saukowa da baya da baya a kan matakala.

Mahauci ne ya ɗauko kafaɗun Koci, ɗan sandan unguwa ya riƙe ƙafafu. Koci yana cikin fararen kayan horo, baƙar ɗamararsa tana jan ƙasa. Yana tsakiyar nuna wa ɗalibai yadda ake kauce wa naushi ne ya dafe ƙirji ya durƙushe.

A asibiti likita bai ɓoye wa 'yarsa komai ba: zuciyar ta gaji, sai dai addu'a. Koci ya ce a mayar da shi ɗakinsa, wanda bango ɗaya ne ya raba shi da zauren da yake koyar da dabarun kare kai.

Shagon mai ɗinki yana ƙarƙashin wannan zaure. Farkon zuwansa ba sa ga maciji, domin tsalle-tsallen ɗalibansa na zubo mata ƙura a kan yadin mutane. Wata rana ta hau don ta wanke shi tas, amma kafin ta kai sama numfashi ya ƙwace mata.

"Maƙwabciya," ya ce, yana miƙa mata kujera, "matakala ma ta kayar da ke, ina ga ni? Zo ki koyi numfashi tukuna, sai ki zage ni son ranki."

Haka ta shiga ajin safe da nauyin jikinta da ciwon gwiwarta. A nan ta gane ba duka kaɗai yake koyarwa ba. Idan an gama haɗa gumi sai ya zaunar da kowa a ƙasa, ya yi ta jefa tambaya: me ya ba ka haushi jiya? Da ka rama, ka samu barci? Yakan ce idan jiki ya yi ƙarfi alhali kai bai natsu ba, makami kawai ya ƙera wa unguwa. Mahauci da ɗan sanda, waɗanda suka taɓa cin kwalar juna a bakin titi, shi ya haɗa su kokawa har suka gaji da gaba. Yanzu a babur ɗaya suke zuwa.

Bayan an dawo da shi daga asibiti, ta shiga duba shi. Mutumin da ke ɗaga ƙato sama kamar buhun auduga, ga shi kofin ruwa yana rawa a hannunsa.

"Me ya sa ba na jin motsi?" ya tambaya, yana nuna bango da haɓa.

'Yarsa ta sunkuyar da kai. "Baba, ɗalibai sun ce ba za su iya ba kana kwance."

"To gawa suke gadi tun yanzu?" Ya juyo. "Maƙwabciya, gobe ke za ki ja su."

"Ni? Haba Malam! Ƙafar da ko tsayin kujera ba ta kaiwa?"

"Ba ƙafarki nake so ba, bakinki nake so. Ke kaɗai suke tsoro."

Ya fara dariya, tari ya sarƙe shi. Ita kuwa ta juya wajen taga tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Washegari da safe zauren ya cika: matan ajinta, ɗalibai, masu shaguna, har da waɗanda suka daɗe da daina zuwa. Ta tsaya a gabansu.

"Ku ja numfashi. Ku riƙe. Ku sake."

Mahauci ya fashe da kuka.

Ta juya kansa. "Kai, share fuskarka! Yana jin ka. Naushi za ka yi ko in karɓi wuƙarka in ba ka allura?"

Aka yi dariya cikin hawaye, aka gyara tsayuwa. Naushin farko ya fita a warwatse. Sai suka ji ƙwanƙwasa daga bayan bango: Koci ne yake buga kofi, yana ba su lokaci. Suka bi bugun. Hannaye suka daidaita, ihunsu ya zama ɗaya, har gilashin taga yana amsawa.

Ita ce ta fara jin bugun yana ja baya. Ya yi rauni, ya tsallake, sannan ya tsaya. Ta ci gaba da tafa musu da hannunta, domin idan da sauran ji a kunnensa, ba ta son shiru ya zama abin da zai tafi da shi.

Ƙofa ta buɗe. 'Yarsa ta tsaya a bakin ƙofar, ta girgiza kai kawai.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ɗan sanda ya faɗa, ya zame ya zauna.

Ɗaya bayan ɗaya suka sauke hannu, suka nufi ɗakin. Mai ɗinki ta kasa bin su. Ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar zauren tana kallon katifar horo, inda sawun ƙafafunsu ya lotsa, yana cikowa a hankali har ya ɓace.