Tambayoyi Masu Sauƙi

Takwara, jikata da aka sa wa sunana, ta cika duk sharuɗɗan shiga kwalejin koyon aikin jinya. Ta ci bayoloji, ta ci kemistiri, an yi mata allurorin rigakafi har hannunta ya kumbura. Abu ɗaya ya rage, jarrabawar tantancewa ta lissafi, wadda ake yi a kwamfuta. Wanda ya haye layi ya shiga ajin jinya bana. Wanda ya gaza sai a tura shi ajin share fage, ya jira ɗiban baɗi.

Ana saura 'yan kwanaki ta dawo daga lesin tana murmushi, ta same ni a falo na miƙe ƙafa a kan kujera.

"Tsohuwa, an ba mu lagon jarrabawar nan."

"Wa ya ba ku?"

"Malamin lesin. Ya ce injin wayo gare shi. In kika amsa daidai sai ya ƙaro miki mai wuya, in kika kuskure sai ya sauko. To sai ki faɗi na farkon da gangan, sauran duk su zo miki da sauƙi, ki kwashe maki."

Na koyar da lissafi har gashina ya yi fari, amma a zamaninmu takarda ce da biro, kowa tambayarsa iri ɗaya da ta maƙwabcinsa. Wannan injin ban san shi ba. Duk da haka maganar ba ta kwanta mini ba.

"Shi malamin ya taɓa zama jarrabawar?"

"Kowa ya san haka ake yi."

"Kowa ɗin nan na daɗe ina jin labarinsa, ban taɓa ganin sakamakonsa ba. Ki yi tunani, Takwara. Wanda ya ƙera abin da ke sauko wa mutum, kina jin bai san dalilin saukowar ba?"

Babanta, ɗana, yana bakin ƙofa yana cire takalmi. Ya ce, "Mama, ki bar yara da zamaninsu." Na bar su. Na miƙa wa Takwara kwalbar maganin tarina, don ita ke auna mini kullum a ɗan kofin nan mai zane-zane.

Ranar jarrabawa na bi ta, wai zan sha iska. Na zauna a dogon benci a barandar kwalejin, kusa da injin ruwan sha da ke ɗiga cikin bokiti. Ta gilashin ƙofa ina hango bayan kawunansu, kowa da allonsa, an raba su da katako. Wani saurayi ya fito da wuri yana dariya, yana gaya wa abokinsa ai kamar shan ruwa. Wata kuma ta fito idonta jajir, ta ce tambayoyin ƙarshe ko a mafarki ba ta taɓa ganinsu ba. Na dubi wannan, na dubi wancan, na rasa wanda zan yi wa jaje.

Takwara ta daɗe. Da ta fito ta zauna kusa da ni, ta ɗora jaka a cinya.

"Na bi maganarsa," ta ce. "Na farkon na san amsarsu sarai, na danna wasu. Yana ta saukowa, yana ta saukowa, har ya tambaye ni rabin goma."

"Kika ce nawa?"

"Kaka, ba wasa nake ba." In ta ce Kaka, abin ya kai mata iya wuya. "Kunya ta kama ni. Na ga ya ɗauke ni wadda ba ta san komai ba, kuma ni na gaya masa haka. Daga nan na fara amsawa tsakani da Allah. Ya soma hawa, ina bin sa, muna cikin hawa tambayoyin suka ƙare. Ba ya barin mutum ya koma baya."

Mai kula da ɗakin ta leƙo ta kira ta ta ga sakamakonta. Kaɗan ya rage ta haye layin, amma kaɗan ɗin ya isa. Ajin share fage, jinya sai baɗi. Yarinyar nan mai jajayen idanu ta haye, na ji ihunta daga ƙarshen baranda.

A mota ban ce na gaya miki ba. Gaskiya ma ban gaya mata ba, shakka kawai na yi, shakka kuwa ba ta da nauyin da "kowa ya sani" yake da shi a kunnen mai jin tsoro. Babanta ya so ya je ya sami malamin lesin, ta ce ya bari, ba shi ya danna ba.

Da yamma ta ɗauko kwalbar maganin. Ta ɗaga ɗan kofin daidai idonta, saitin hasken taga, tana zubawa a hankali har ya taɓa zanen.

"Rage mini kaɗan, 'yar nan," na ce. "Ɗaci gare shi."

Ta dube ni ta saman kofin.

"Sauƙi ya ci mini shekara guda, tsohuwa. Buɗe baki."

Na buɗe.