Tumun Bana

Malam Sha'ibu na tsakiyar kunya yana tuɓe wa gero hula lokacin da matarsa Suwaibatu ta leƙo ta kan danga.

"Malam, in ka gama da ɗaliban naka, zabbin nan hwa ba su yanka kansu."

"Ina zuwa," in ji shi, bai ko waiwayo ba.

Hula kuwa ta gaske ce. Tsofaffin takardun jarrabawar 'yan aji shida ya nannaɗe, ya ɗaura wa kowace zangarniya da zare saboda tsuntsayen jan-baki. Mutanen Mairuwa sun yi dariya har sun gaji sun bari. Kunya uku ya ware a bayan gida tun farkon damina, ya shuka su mako-mako a jere, don duk Lahadin da abokansa suka sami zuwa su tarar da gero ɗanye na gasa tumu. Ta farko ta ƙosa ta bushe, ba su zo ba. Ta biyu ma haka. Wannan ce ta ƙarshe, kuma Lahadi mai zuwa ana sa ran an kama azumi.

Abin ya samo asali ne shekara shida da suka wuce, sa'ad da aka turo samari uku koyarwa a firamaren garin: shi, da Almu ɗan Daudawa, da Ɗanliti, Kirista daga wani ƙauyen Maguzawa can bayan Mabai. Ɗaki ɗaya suke kwana, tukunya ɗaya suke ci. Duk ranar Lahadi in Ɗanliti ya taso daga coci, sai su ɗauki tabarma su nufi gindin wata kanya a bakin ruwa, su gasa abin da ya samu, su yini suna gardamar banza. A nan suka ƙulla wata doka tasu ta wasa wadda ta zo ta fi ƙarfin wasa: ba wanda zai ɗanɗana tumun shekara sai su ukun suna zaune a gindin kanyar nan, kuma ba mai murza wa kansa na farko. Kai ka murza ka zuba a tafin ɗan'uwanka, shi ma ya murza ya zuba a naka.

Sai kuɗin fetur ya shigo ƙasa, kowa ya rikice. Almu ya ajiye alli ya tafi Kaduna ya kama kwangila, kafin a ce me ya je Makka ya dawo Alhaji. Ɗanliti ya bi shi, ya sami aikin banki. Sha'ibu kuwa da aka biya kuɗin ƙarin albashi na Udoji babur ya saya, ya ci gaba da koyar da lissafi. Bara ba su zo ba, don haka bara bai ci tumu ba. Bana wasiƙar Almu na aljihunsa, ta yi laushi don yawan buɗewa, ta ce ranar Lahadin nan suna tafe shi da Ɗanliti, ba fashi.

Ya yanko zangarniya goma sha biyu, zaɓaɓɓu, ya shigo ya yanka zabbi biyu. Suwaibatu ta fige su ta gyara, ta daka yaji da ƙuli-ƙuli, ta dafa gyaɗa sabuwa, ta dama fura a ƙwarya ta juye a gora. Tana yi tana mita, don ita aiki ba ya tafiya mata sai da mita.

"Gidan ga kaɗai ne duk Mairuwa ba a gasa tumu ba," ta ce tana ɗaure kwano. "Bara shiru, bana ma har an kusa ganin wata."

"Ke wa ya hana ki? Ni na yi alkawali, ba ke ba. Ga gidan Goggo nan, kullum suna gasawa."

Ta ɗago ta dube shi kamar za ta yi magana, sai ta ja bakin ƙullin da haƙori ta miƙa masa. Shi bai lura ba, hankalinsa ya riga ya kai bakin ruwa.

Ruwan ya cika ya batse, ciyawa ta kai gwiwa, shanun Fulani na can ƙetare suna kiwo. Kanya na nan inda take. Ya share ƙarƙashinta, ya shimfiɗa tabarma, ya jera moɗa uku. Ya haɗa wuta, amma bai ɗora komai ba, don naman zabo in ya huce ya zama igiya, Almu kuma mutum ne mai ƙorafin abinci. Ya zauna ya fuskanci titi.

Titin nan ba ya hutawa yanzu. Manyan motoci ne ɗauke da siminti, da tankokin mai, da ƙananan motoci sababbi fil waɗanda ko ledar kujera ba a cire ba. Duk wadda ta rage gudu sai ya miƙe tsaye, in ta wuce ya yi kamar itace ya tashi ƙarawa. Ya tuna yadda Ɗanliti kan yini da fatsa a hannu bai kama ko tarwaɗa ɗaya ba, sannan ya ce kifayen Mairuwa ba su da tarbiyya. Ya yi dariya shi kaɗai, ya daina da ya ga ba mai taya shi.

Wajen hantsi wasu samari ma'aikata daga Funtuwa suka iso a kan babura biyar, da rakoda da kwalaben lemu da burodi. Suka sauka can gaba kaɗan, suka ƙure kiɗa, suna ta ihu suna ture juna cikin ruwa. Bai ji haushinsu ba, kewa ce dai ta kama shi sosai. Da azahar ta yi ya yi alwala a bakin ruwa ya yi salla shi kaɗai. Yana shafa fatiha ɗaya daga cikin samarin ya zo ya rusuna da kwalbar lemu a hannu.

"Baba, bismilla, ka zo mu ci. Tun ɗazu muke ganinka kai ɗaya."

Baba! Mutumin da bai cika talatin da biyar ba. Ya karɓi lemun don kada ya gwale yaron kirki, ya ce, "Na gode. Abokaina nake jira, suna bisa hanya."

Wuta ta cinye, ya sake haɗa wata. Ƙudaje suka gano kwanon nama, ya rufe shi da hularsa. Da inuwar kanya ta juya gabas sai ya ga ba makawa, ya tsire zabbin ya ɗora, ya ce ko ƙamshin ya jawo su.

Bayan la'asar, hadari ya fara haɗuwa ta wajen Faskari, sai ga wata farar Fijo ta tsaya a bakin titi ta danna oda sau uku. Ba ta sauko ba saboda taɓo. Ƙofar baya ta buɗe, wani mai ƙiba ya fito cikin farar babbar riga, ya tattare ta da hannu biyu yana tsallake ruwa kamar mai tsoron kunama. Tafiyar ce kaɗai ba ta canja ba. Sha'ibu bai san lokacin da ya ruga ba.

"Almu!"

"Sha'ibun lissafi! Kai, kana nan yadda kake, ko tsoka ba ka ƙara ba!"

Suka rungume juna, Almu na dariya har da hawaye. Murnarsa ta gaskiya ce, wannan kam ba a ce komai ba. Sha'ibu ya leƙa bayansa yana duban mota.

"Ina Ɗanliti?"

"Af, an tura shi kwas Legas ran Laraba. Ya ce in gaishe ka da kyau da kyau. Wancan da ke cikin mota injiniya ne, Kankara za mu, akwai ajujuwan da nake ginawa, dole shi gani kahin duhu. Na ce wallahi ko minti goma ne sai na tsaya na ga ɗan'uwana."

"Minti goma," in ji Sha'ibu.

"Ka san aikin namu. Kai ka huta, wallahi. Wani lokaci ina cikin ofis sai in tuno wurin ga, in ce Sha'ibu ya hi mu dabara."

Ya zauna a bakin tabarma a ɗosane, ya shimfiɗa hankici tukuna. Ya yagi cinyar zabo ya yaba yajin Suwaibatu, ya kurɓi fura, ya zaro wani agogon hannu mai ruwan zinariya ya ɗaura wa Sha'ibu da kansa. Sha'ibu na godiya, hannunsa ɗaya na jera zangarniya a kan garwashi. Ya ce a ransa mutum biyu ma ai sun isa, Ɗanliti zai yafe. Gero ya fara fashewa yana ƙara, ƙamshin nan da ya shekara biyu yana guje wa a ƙofar gidajen mutane ya tashi.

"Kai, tumu!" Almu ya ce da nama a bakinsa. "Ai mun sha shi ɗazu a Giwa, ana saidawa bakin titi. Ni da injiniya munka ci har muƙamuƙina na ciwo. Bana kam na ci tumu, ko a Kaduna sau uku ana kawo mani."

Ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin ruwan sama. Sha'ibu ya dubi fuskarsa yana neman alamar zolaya, ko ta kunya, bai ga ko ɗaya ba. Mutumin nan ba karya alkawari ya yi ba, ya manta ne ma an taɓa yin sa. Wannan ya fi yi wa Sha'ibu ciwo.

Duk da haka ya ɗauko zangarniya ɗaya da zafinta, ya murza a tafinsa, ya hure ƙaiƙayi, ya miƙa. Almu ya janye hannun riga ya tara, ya watsa a baki.

"Allah, wanga ya hi na Giwa zaƙi nesa ba kusa ba. Gonarka ce?"

"Bayan gida."

Sha'ibu ya tura masa wata zangarniya kusa da gwiwarsa, ya bar tafinsa a buɗe a kan cinya. Almu ya dubi baƙin gawayin, ya dubi rigarsa, sai aka danna oda daga titi. Ya miƙe yana karkaɗe hannu.

"Ka ji mutumin nan. Bari in kai mashi zabon ga guda shi san ana cin daɗi a ƙauye. Bayan salla, in Allah ya so, ni da Ɗanliti muna nan tahe, mu yini cur. Ka gaida Suwaibatu."

Sha'ibu ya raka shi har mota, ya tsaya yana ɗaga hannu har ta sha kwana. Samarin Funtuwa ma sun tayar da baburansu saboda hadari. Ya dawo ya tarar da tumu goma sha ɗaya a gefen wuta, gasassu, ba mai murza masa. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta a hannu. Ba wanda zai gan shi, ba kuma wanda ya damu, amma hannun ya ƙi. Ya zuba su a buhu, ya kashe wuta, ya naɗe tabarma. Sabon agogo ya ce ƙarfe biyar da kwata.

Yayyafi ya same shi a hanya. Ya shigo gida ya jingina babur a zaure, ya sauke kaya a ƙofar madafa inda Suwaibatu ke tuƙa tuwo. Ta dubi agogon, ta dubi moɗa biyu da ko jiƙewa ba su yi ba.

"Sun zo?"

"Alhaji ya zo."

"Kun ci?"

"Ya ci."

Ba ta ƙara tambaya ba, kuma yau ba mita. Ta sauke tukunya, ta buɗe buhun, ta zaro zangarniya ɗaya ta ɗora a garwashi ta ɗan juya ta. Ta murza a tafinta, ta hure, ta matso inda yake tsugune.

"Miƙo hannu, Malam."

"Ba haka dokar take ba."

"Na san yadda take. Shekara nawa ina ɗaure maku kwano? Miƙo."

Ya miƙa. Tumun ya ɗan yi tauri don gashi biyu, amma zaƙin na nan. Ya daɗe yana taunawa, idonsa a kan ruwan da ke ɗiga daga indararo. Da ya haɗiye, sai ya ga ba ta koma kan tukunya ba. Tana nan tsugune a gabansa, tafinta a buɗe, baƙi ƙirin da gawayi.

"Ke ai kin ci naki a gidan Goggo," ya ce.

"Wa ya ce maka? Mai gida bai ɗanɗana ba ni in ci? Rabona da tumu tun ranar da ka rabu da shi."

Sha'ibu ya dube ta. Ya kwance agogon ya ajiye a kan turmi don kada ya ɓaci, ya jawo buhun, ya shiga laluben wadda ta fi laushi.