Madara Ake Tafasawa

A shekarar da soja suka koma bariki, Nuhu ya yi shekara uku yana fama da cikinsa. Direba ne a wata ma'aikata ta jiha, mutumin Kagoro, yana haya a Ƙofar Guga da matarsa Ruth da 'yarsu Joy. Zawo da jini, murɗa, rama. Zamanin soja abin ya ɓoyu, don maigidansa na lokacin ba ya zuwa ko'ina. Maigida farar hula kuwa ba ya zama. Yau gaisuwar mutuwa a Daura, gobe ɗaurin aure a Dutsin-Ma, jibi godiya ga waɗanda suka yi zaɓe. Direban da zai riƙa tsayawa yana faɗawa jeji ba shi da wuri a wannan tafiya.

Malam Gwadabe, shugaban direbobi, bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ba shi mako shida. Bayan nan Nuhu zai kai sabon kwamishina Funtua ya dawo da shi. In abin ya gagara, sai ya ajiye makulli.

Ruth ce ta ja shi wurin likita, ita ce kuma ta riƙe bayanin. Likitan ya ce ba basir ba ne, ba atuni ba ne, kumburin hanji ne mai daɗewa, wanda ba a raba mutum da shi, sai dai a kwantar. Ya ce a cikin hanjin kowa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, gari guda, yawancinsu masu amfani. Kafson da Nuhu ya yi shekaru yana saya a kemis ya share na banza da na kirki tare. Ya rubuta magani, ya ce kada a yi fashi. Ya hana yaji da soye-soye da lemon kwalba. Ya ce a gwada kunu da tuwo mai laushi da kindirmo kullum, a lura da abin da cikin ya karɓa da wanda ya ƙi.

Ruth ta taso ne a hannun nas-nas na asibitin mishan, inda uwarta ke girki. Abin da ta sani guda ne: duk abin da zai shiga cikin marar lafiya sai ya ga wuta. A kan tsabta ba ta sauraren kowa. Don haka kowace safiya ta sayo kindirmo a gidan Delu, tsohuwar da ke da shanu biyu a bayan layinsu, ta juye a tukunya, ta tafasa shi har ya tsinke, ruwa gefe, gudaji gefe. Nuhu ya rufe ido ya shanye. Bai taɓa cewa komai ba. Dama shi ba mai magana ba ne.

Mako biyu suka wuce. Jinin ya ragu, amma cikin bai daina kuka ba. Ruth ta fara ƙirga kwanaki a ranta.

Wata safiya Delu ta kawo kindirmon da kanta, don ta duba mai jiki. Da ta fito daga gaishe shi, ta tarar an juye kindirmon a tukunya a kan murhu. Ta tsaya ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

"Maman Joy, mi kike dahwawa haka?"

"Kindirmon Baban Joy ne, Iya. Ina kashe ƙwayoyin cuta."

Delu ta nemi kujera ta zauna, don dariya ta hana ta tsayuwa. Da ta lafa sai ta tambaya ko likitan cewa ya yi a ba shi kindirmo, ko gawar kindirmo.

"Ɗiyata, madara ake tahwasawa. Shi wannan yana da rai. In ba shi da rai, da mi zan haɗa na gobe?"

Ruth ta dubi tukunyar. Maganar likita ta dawo mata, gari guda na masu amfani. Kwana goma sha huɗu ke nan tana sayen su da safe tana kashe su kafin su isa inda aka aike su. Kunya ta kama ta har wuya. Ta sauke tukunyar daga murhu.

Ba ta sake saye ba. Ta ce a koya mata. Delu ta nuna mata: a tafasa sabuwar madara sosai, nan tsabtarta take da aiki. A sauke, a jira har ƙaramin yatsa ya iya zama a ciki. A zuba ludayi guda na kindirmon jiya, a rufe da faifai, a ajiye inda ba iska, kada a taɓa. Na farko ya yi ruwa. Na biyu ya yi tsami har Joy ta yamutsa fuska. Na uku ya kama, ludayi ya yanka shi ya bar gurbi.

Daga nan ta tsare abin kamar aikin gwamnati. Magani a kan lokaci. Kunun gero da kindirmo da safe. Ta gano wake ba ya yi masa, kabewa na yi. Ba kullum ake dacewa ba, akwai ranar da ya kwanta tun hantsi. Amma kumatunsa suka fara cikowa, ya koma zama a coci har a tashi.

Ranar Funtua ya fita da kakinsa a goge. Ruth ba ta iya zama ba. Ta share tsakar gida sau biyu, ta wanke abin da yake a wanke.

Bayan la'asar ta ji mota ta tsaya a ƙofar gida, abin da bai taɓa faruwa ba. Nuhu ya shigo, ya zauna a kan benci, ya cire takalmi. Ta jira. Ya ce sau ɗaya suka tsaya, a Malumfashi, shi ma kwamishina ne ya ga masu rake. Malam Gwadabe ya ce ya kwana da motar, gobe da sassafe Daura.

"Ki zuba mini kindirmon a gora," in ji Nuhu. "Mai yawa."

Ruth ta ce to. Ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci, ta fita gaya wa Delu. Da ta zo wurin motar ta rage tafiya, ta gaisa da matan layin ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba ta saba tsayawa da su ba.